Laba Talatin da Ɗaya

Ku matso in ba ku labarin wani mutum da kuka sha wucewa ta gabansa ba ku tambayi sunansa ba. Duk wanda ya daɗe a Yamai, ko bai san Jibo ba, ya san kekensa. Baƙin keke ne dogo, irin na da, mai birkin ƙarfe, da akwatin katako ɗaure a baya. Cikin akwatin nan sikeli ne, na awon mutane. Jibo yakan tsaya inda jama'a ta taru, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya ɗora sikelin, ya ɗaga murya: "A zo a san kai! Mai ƙiba da mai rama, a zo a ji gaskiya!" Sana'arsa ke nan, da ita yake ci da matarsa Mariya da ɗiyansu a wani ɗan gida can cikin unguwar Banifandu.

Mutumin ƙasar Tawa ne. Ya zo Yamai yana saurayi, ya yi shekaru yana dakon katakai a kasuwar Katako, har ranar da bayansa ya ce ya gaji. Da ɗan abin da ya tara ya sayi keken nan hannun wani direba da ya kawo shi daga Najeriya, daga baya ya sayi sikeli mai allura. Keken kuwa yana da wani hali nasa. Notocinsa awon Ingilishi ne, na inci, alhali duk masu gyaran Yamai da awon Faransi suke aiki, na milimita. In aka sa sufana mai lamba sha huɗu ba ta shiga, in aka sa sha biyar sai ta riƙa zamewa. Don haka Jibo yake yawo da tasa sufanar, wadda ta zo tare da keken, kullum tana cikin akwati kusa da sikeli.

Abin nan ya zame masa abin hira. In ya zauna shan shayi da tsofaffin abokansa na Katako sai ya ce, "Ni fa na san duniya awo biyu gare ta. Katako da mita, atamfa da yadi. Hatsi da tiya, shinkafar kanti da kilo. Ba wanda zai ruɗe ni." Su yi dariya su ce, "Malamin awo ya fara."

To, wata rana allurar tsohon sikelin ta tsaya cik, ta ƙi motsi ko da wa ya hau. Jibo ya shiga Katako wajen masu kayan gwanjo da ake kawowa daga ƙetare, ya samo wani na gilashi, mai batir, wanda lamba ke fitowa a fuskarsa da kanta. Mai kayan ya ɗora hannu ya danna, lambobi suka yi tsalle, ya ce, "Ka gani, lafiyarsa lau." Jibo ya kawo shi gida yana murna. Sabon ya fi tsohon faɗi, sai da ya kwashe komai na cikin akwatin sannan ya shiga. Tsumma, famfo, sufana, duk ya ajiye su bisa taga ya ce gobe zai nemo musu jaka.

Da safe ya fito. Bai yi nisa ba, daidai kwanar da wata mai ƙosai ke zama, wata tsohuwa ta ɗaga masa hannu. Tana goye da yaro wanda ya wuce goyo, ƙafafunsa na reto, kansa kwance a kafaɗarta.

"Mai sikeli, tsaya don Allah. Jikana ne, Abdulaye, zazzaɓi ya kwana yana dafa shi. Mai shagon magani kullum sai ya ce kilo nawa, kilo nawa, ni ina na sani? Auna mini shi in kai shi gida in tafi in amso."

"Sannu Inna. Allah ya ba shi lafiya. Sauke shi nan."

Ta tsayar da yaron bisa gilashin, yana layi, idanunsa ja. Lambobi suka yi tsalle suka tsaya. Jibo ya duƙa ya karanta.

"Talatin da ɗaya."

"Talatin da mi?"

"Da ɗaya, Inna. Riƙe shi da kyau. Talatin da ɗaya."

Ta fara kwance bakin zanenta, ya ce ta bari, wannan ne awon farko na sabon sikeli, sadaka ce. Ta yi ta sa masa albarka, ta saɓa yaron, ta shige wani lungu tana maimaitawa kamar mai tasbihi: talatin da ɗaya, talatin da ɗaya. Jibo ya hau kekensa zuciyarsa fari ƙal. Ya ɗan ji a ransa cewa yaron bai yi kama da mai nauyin nan ba, amma ya ce ai sabon sikeli ya fi idonsa gani.

Sai da ya kai kasuwar Petit Marché, wajen mahauta, sannan ya samu mutum na biyu. Abdulhakim ne, wani mahauci ɗan Maraɗi, ƙato, mai son wasa, wanda ya yi zaman Kano da ƙuruciya. Duk mako sai ya hau sikelin Jibo don ya samu abin faɗa wa matarsa.

"Kai, tsoho ya yi sabuwar amarya!" in ji shi da ya ga gilashin. "Ba za ta fashe ba in na hau?"

"Hau dai. In ta fashe naman yau nawa ne."

Ya tuɓe takalmi ya hau. Jibo ya duba, ya sake dubawa, ya murza ido.

"Ɗari biyu da tara."

Wurin ya kaure da dariya. Wani ya ce a kawo igiya, sa ya samu. Wani ya ce a kira mai babbar mota. Abdulhakim ya riƙe cikinsa da hannu biyu yana kallonsa kamar yau ya fara ganinsa. "Makon jiya ina tasa'in da biyar! Mi na ci, jama'a? Jibo, ko dai ka ɗora ƙafarka a baya?" Ya sauka, ya ɗauki sikelin ya juya shi, ya kai shi kusa da ido. Sai ya bushe da dariya har da buga cinya.

"Malamin awo! An sayar maka da Bature. Dubi ɗan maɓallin nan na ƙasa. Nan kilo, nan laba. Naka yana kan laba."

"Mi ne ne laba?"

"Awon Ingilishi. Da ita tsofaffin mahauta suke sayar da nama lokacin da nake Kano. Ba ta kai rabin kilo ba. Duk abin da ya gaya maka, raba shi biyu, ka ƙara ragewa kaɗan."

Ya tura maɓallin da farce, ya sake hawa. Tasa'in da biyar. Aka yi shewa.

Jibo bai yi dariya ba. Raba shi biyu. Ya ji muryar tsohuwar nan a kunnensa tana maimaita lambar da shi da kansa ya ce ta riƙe da kyau.

"Abdulhakim," ya ce, "in yaro bai kai kilo sha biyar ba, aka ba shi maganin mai talatin da ɗaya, mi zai faru?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar mahaucin. "Wane yaro?"

Jibo ya cusa sikelin cikin akwati, ya bar kwalin nan a ƙasa, ya haye.

Jama'a, hanyar da ya bi da safe yana ƴar waƙarsa, yanzu ta zame masa kamar ba ta da ƙarshe. Rana ta ɗaga. Motoci da babura sun cika gudro, wato kwalta, taksi na tsayawa inda ya ga dama. Jibo yana taka feda yana lissafi da zuci, lissafin kuma ba ya ba shi abin da yake so. Ta kai yaron gida. Ta fito. Tsohuwa ce, ba ta sauri. Wataƙila akwai layi a shagon. Wataƙila mai maganin zai tambayi shekarun yaron. To in bai tambaya ba fa? In ya tambaya ta ce ba ta sani ba fa? Bai san sunanta ba. Bai san gidanta ba. Lungu kawai ya gani ta shiga, Banifandu kuwa lunguna ne kamar ramukan tururuwa. "Ya Allah, ka sa ta manta lambar," yake faɗa a fili, har wani mai babur ya waiwayo. "Ka sa ta manta." Amma ya san ba za ta manta ba. Shi ya dasa mata ita.

Daidai Katako, inda hanya ta ɗan yi tudu, ya miƙe tsaye ya danna feda da dukan ƙarfinsa. Sai ya ji ƙarar wani abu a baya, keken ya yi nauyi kamar an riƙe shi. Ƙafar baya ta goce, taya ta manne da ƙarfe, ta ƙi juyawa. Noti ya saki. Ya sauka ya buɗe akwati yana lalube, hannunsa ya taɓa gilashi kawai. Sufana tana can bisa taga.

Ya ɗaga bayan keken ya ja shi da gudu zuwa rumfar Bubakar, wani mai gyara da suka saba.

"Bubakar, ɗaure mini notin nan, yanzu, yanzu!"

"Ina kwana dai tukuna, Baba Jibo. Ina taka sufanar? Ka san tsohon nan naka ba ya jin Faransanci."

"Na baro ta. Don girman Allah, rai ne!"

Bubakar ya dubi fuskarsa, ya ajiye wasan. Ya sa sha huɗu, ta ƙi shiga. Ya sa sha biyar, ya murɗa, ta zame, ya sake, ta sake zamewa, har ta fara cinye kusurwar notin. Jibo yana tsaye gumi na zuba daga haɓarsa, yana ganin cokali a idon zuciyarsa, cokali yana matsowa bakin yaro. Ya juya ya nemi taksi. Biyu suka wuce cike, na uku ya ji Banifandu ya girgiza kai, ba can ya nufa ba. Jibo ya dawo ya dafa sirdi.

"Tsaya," in ji Bubakar. Ya tsinci gwangwanin tumatir a ƙasa, ya yanko ɗan siriri da almakashi, ya naɗa shi jikin notin, ya danna sha biyar a kai da guduma. Ya murɗa a hankali. Ta kama. "Zai kai ka, amma kar ka tsaya bisa feda. Wa ke ba lafiya?"

Jibo ya riga ya yi gaba.

A kwanar da suka haɗu, mai ƙosai tana kwashe kayanta, kasko ya huce. Sunanta Hafsat, Jibo yakan sayi ƙosai wurinta wani lokaci.

"Hafsat, tsohuwar nan ta ɗazu, mai yaro marar lafiya, ina gidanta?"

"Wace? Tsofaffi nawa suka wuce nan tun safe?"

"Wadda na auna ma jika! Abdulaye!"

"A'a, Inna Yelwa. Ai ta daɗe da dawowa daga shago, na gan ta da ƴar leda. Lafiya, Baba? Ka ga fuskarka kuwa?"

Ta daɗe da dawowa. Hafsat ta nuna da ludayi: lungu na biyu, ƙofar langa-langa mai shuɗin fenti, akwai bishiyar dogon yaro a gaba.

Ya jingina keken bai ma san ya faɗi ba. Sallama ɗaya ya yi ya faɗa cikin gidan mutane, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Inna Yelwa tana zaune bisa tabarma a inuwa, yaron kwance a cinyarta, gefe ga kofin koko da cokali.

"Inna, kin ba shi?"

"Kai, wa ne haka? A'a, mai sikeli! Na ba shi mana. Ƙwaya uku mai shago ya ce, yanzu uku, da dare uku. Na daka su cikin koko. Da kyar ya sha, ɗan banza, sai da na matse shi da ƙafa."

Jibo ya durƙusa. "Inna, lambar da na ba ki ba daidai ba ce. Sikelin ne, awonsa daban. Yaron bai kai rabin haka ba. Maganin ya yi masa yawa."

Ta dube shi. Ta dubi yaron. Ta girgiza shi. "Abdulaye. Abdulaye!" Yaron ya buɗe ido da kyar ya mayar ya rufe. "Ya yi amai," ta ce da sauri, "bayan ya sha ya yi amai, ga shi can na zuba ƙasa a kai. Ya fito ko? Duka ya fito ko? Gaya mini!"

"Ban sani ba, Inna. Wallahi ban sani ba. Mu tafi likita."

"Uwarsa ta bar mini shi amana ta tafi aiki. Mi zan ce mata? Kai, mi zan ce mata?"

Jibo ya kwance akwatin daga bayan keke ya ajiye shi tsakar gidan, sikeli da komai. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya shimfiɗa a wurin. Tsohuwar ta zauna a karkace da yaron a ƙirji, ledar maganin a hannu, ya tuƙa su a hankali, yana jin notin Bubakar yana ƙara ƙasa-ƙasa da kowane juyi, yana roƙon gwangwanin tumatir ya riƙe. Duk ramin da suka faɗa sai ya ce, "Yana numfashi?" Ta ce, "Yana yi. Tuƙa."

A ɗan asibitin unguwa suka tarar da majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya ta wurin, wata mace mai gilashin ido ana ce mata Madam Nafissa. Jibo ya yi bayani yana haɗa magana, laba, kilo, mahauci, maɓalli. Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi, ta amshi ledar ta duba, ta tambayi yaushe ya sha, yaushe ya yi amai. Ta ɗora yaron bisa nasu sikelin. Sha huɗu. Ta sa abin sauraro a ƙirjinsa ta daɗe tana ji, sannan ta ce a kwantar da shi, ba za ta sake shi ba sai ta ga yadda jikinsa zai yi.

Aka bar Jibo a benci a waje, daga shi sai singileti. Aka kira azahar, ya yi alwala, ya yi salla bai san abin da ya karanta ba. Duk lokacin da ƙofa ta motsa sai ya ɗaga kai. Wata mata ta fito daga wani ɗaki tana kuka, ya miƙe zumbur, ashe ba tasu ba ce. Ya tuna yadda ya ce "riƙe shi da kyau", ya tuna albarkar da aka sa masa, ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Uwar yaron ta iso a guje da kayan aikinta, ta wuce ta gabansa ba ta san ko shi wane ne ba. Ya so ya tashi ya faɗa mata, ya kasa.

Bayan la'asar, rana ta yi sanyi, ya ji wata ƙaramar murya daga ciki tana gardama. Kuka ne, amma kukan fitina, irin na yaron da ya ga abu yana so. Ƙofa ta buɗe, Inna Yelwa ta leƙo, idanunta sun kumbura.

"Mai sikeli, kana nan? Wai ƙosai yake so. Ƙosai, da yamma! A ina zan samo masa?"

Madam Nafissa ta fito bayanta tana goge hannu. Ta ce da alama aman ya fitar da mafi yawa, Allah ya taƙaita, amma da an ƙara masa ukun dare da labarin ya canja. Ta canja musu yadda za a ba shi. Sannan ta dubi Jibo ta saman gilashinta. "Baba, sikelin kasuwa na hira ne. In an kawo maka yaro marar lafiya, nuno musu nan."

"Na ji, Madam. Na ji."

"Ni ma da laifina," in ji Inna Yelwa. "Yaron da nake ɗagawa da hannu ɗaya, ina zai kai kilo talatin da ɗaya?" Ta share ido da gefen mayafi, ta harare shi. "Kai kuma sadakarka ta kusa kashe ni. Gobe in ka gan ni, amshi kuɗinka."

Jibo ya yi abin da ya yi kama da dariya, hawaye na bin gemunsa.

Har yau yana nan yana yawonsa. Maɓallin nan na ƙasan sikeli ya toshe shi da ƙaro, ko da ƙusa ba ka motsa shi. Sufanar tana rataye a wuyan sirdi da igiyar roba. Ya daina cewa ba wanda zai ruɗe shi, abokan shayi sun tsokane shi sun gaji. In kuma kuka bi ta ƙofar gidansa da sassafe, za ku ga abin da yaran unguwa ke taruwa kallo: kafin ya auna ɗan Adam ko ɗaya, sai ya ɗaga keken nan ya tsayar da shi bisa ƙafar baya a kan gilashin. In ya ga sha takwas, nauyin keken da kilo, ya ce bismilla ya fita. Mariya ta ce akwai ranar da ta gan shi ya auna keken, ya ɗaure akwati, ya kai bakin ƙofa, ya dawo ya kwance ya sake aunawa. Nan na tsaya, sauran ku tambaye shi in ya shimfiɗa kwalinsa.